Rami ɗaya, uba nawa? Abin da gwajin DNA ya tono a gidan kusu da danginsa

Kawuna maharbi ne, a wani ƙauyen Adar da ke gabas da Tahoua. Ina yaro ya taɓa tsayar da ni a bakin wani rami a gindin dutse, ya tsinci ƙayar beguwa ya miƙo mini, ya ce: "Ɗana, in ka ga wannan, su biyu ne a ciki. Beguwa ba ta zaman gwauranci." Shekaru da yawa bayan haka, ina Yamai, na karanta cewa masu binciken da suka yi ta bin beguwa da dare a Italiya da Afirka ta Kudu sun ga abin da ya gani: mace ɗaya da namiji ɗaya, rami ɗaya, fita kiwo tare, renon ƴaƴa tare.

Beguwa dangin kusu ce, ko da yake kallon farko ba zai nuna haka ba. Ita da kusu, wanda mutanen Kano ke ce wa ɓera, da gafiya da kurege da gyazbi duk gida ɗaya suka fito, gidan masu gaigaya. Alamarsu ita ce haƙoran gaba guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba sa daina tsiro har mutuwa. Jaba da bushiya da zomo ba sa cikinsu. Gida ne babba, nau'i fiye da 2,000, kusan kashi 40 cikin 100 na duk dabbobin da ke shayarwa.

Akwai tambayar da kawu bai yi ba, ni ma ban yi ba a lokacin, kuma masana da kansu sun daɗe ba su da hanyar amsa ta: ƴaƴan da ke kwance cikin ramin, shin na namijin da ke kwance kusa da su ne?

Tambayoyi uku ne muke haɗawa mu mai da su ɗaya. Wa ke zama da wa? Wa ke barbarar wa? Wa ya haifi wa? Ta farko ido da tarko suna iya amsa ta. Ta biyu tana faruwa ne cikin dare, ƙarƙashin ciyawa, cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ta uku kuwa sai jini. Shi ya sa masana suka raba abin gida biyu: akwai ɗaya-da-ɗaya a zama, wato mace da namiji su riƙe rami ɗaya da wurin kiwo ɗaya, akwai kuma ɗaya-da-ɗaya a jini, wato duk ƴaƴan macen su zama na wannan namijin. Na farko ba ya tilasta na biyu.

Zaman bibbiyu ma ba abu ne mai yawa ba tsakanin masu shayarwa. A 2013 Dieter Lukas da Tim Clutton-Brock na Jami'ar Kambirij sun tattara bayanan nau'i 2,545, suka samu kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai ke irin wannan zama. A tsuntsaye kuwa kusan kashi 90 ne. Dalilin a fili yake: namijin tsuntsu yana iya kwanci a kan ƙwai, yana iya kawo tsutsa, amma namijin kusu ba ya ɗaukar ciki, ba ya da nono. Da zarar ya yi barbara, hanya a buɗe take gare shi ya ƙara gaba. Saboda haka duk inda aka ga ya tsaya, akwai abin da ya tsayar da shi.

Kafin shekarun 1980, wanda ya tono rami ya tarar da namiji da mace da ƴaƴa sai ya rubuta uba da uwa da ƴaƴansu. To amma kama da wane ba wane ba ne. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya gano hanyar bambanta mutum da mutum ta DNA, abin da muke ji a bakin likitocinmu masu Faransanci da sunan ADN. A 1987 aka fara gwada ta a kan gwarar Turai, daga nan aka bi sauran tsuntsaye, kuma abin da ya fito ya girgiza fannin: a kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in da ke zaman bibbiyu waɗanda aka bincika, an tarar da ƴan tsakin da ba na mai sheƙar ba. Sai masu nazarin kusu suka ce to mu ma bari mu duba namu.

Yadda gwajin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A cikin DNA akwai wurare inda ƴan haruffa ke maimaita kansu kamar ƴaƴan carbi, a jikin wani sau goma, a jikin wani sau goma sha huɗu. Kowace dabba tana ɗauke da lamba biyu a kowane irin wannan wuri, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kamar tsagen fuska ne da ake gane Bagobiri da shi, sai dai wannan ba wanzami ya yi shi ba, da shi ake haihuwa. Mu ɗauka uwa tana da 10 da 12, namijin ramin yana da 14 da 16. Ɗan da aka samu da 10 da 14 ya dace da shi. Wanda aka samu da 10 da 18, wannan 18 ɗin daga waje ta shigo. Ko ba a kama namiji ko ɗaya ba ana iya gane wani abu: uba ɗaya lamba biyu kaɗai yake da su da zai bayar, saboda haka in aka cire na uwa aka ga lambobi uku daban-daban a ƴaƴan ciki ɗaya, to iyayen maza sun kai biyu. Ana ɗan yanko fatar kunne, a duba wurare goma ko fiye, domin wuri ɗaya yana iya dacewa bisa katari.

Kada ciki ɗaya mai uba biyu ya ba kowa mamaki. Macen kusu tana sakin ƙwai da yawa a lokaci guda, in maza biyu suka same ta cikin sa'o'in da take neman barbara, maniyyinsu ne ke tsere, kowa ya samu rabonsa. Mai kiwon karnuka ya san wannan. A nau'o'in da wannan tsere ya yi tsanani, maza suna da manyan maraina in aka gwada da girman jikinsu, kuma a yawancin dangin kusu namiji yakan bar wani dasƙararren toshi a jikin macen bayan barbara, wanda ke rage wa na bayansa dama. Jikin dabbar da kansa yana ba da labarin irin gasar da kakanninta suka sha.

Babu dabbar da aka fi nazari a wannan fanni kamar wani ɗan kusu mai gajeriyar wutsiya da ke zama cikin filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, Microtus ochrogaster a sunan kimiyya. Bari mu kira shi kusun ciyawa. Tun farkon shekarun 1970 Lowell Getz na Jami'ar Ilinoi ya fara ɗana musu tarko, ya ci gaba har shekara 25. Ba zaman iyali ya fita nema ba, hawa da saukar yawansu yake ƙirgawa. Amma sai ya riƙa tarar da namiji da mace cikin tarko ɗaya, ya sake su, bayan makonni ya sake kama su biyun nan tare. Ya haɗa kai da Sue Carter, suka kai abin ɗakin gwaji. Gwajin da ya yi suna mai sauƙi ne: a bar mace da namiji tare kwana guda, sannan a sa ɗayansu cikin akwati mai ɗaki uku, abokin zamansa a ɗaure a wannan gefe, baƙo a wancan, a ƙirga inda zai fi zama cikin sa'a uku. Kusun ciyawa yakan koma ya lafe jikin wanda ya sani. Namijin yana share ƴaƴa, yana rungumar su, yana korar baƙo. A daji ma Getz ya lura cewa galibin waɗanda abokin zamansu ya mutu ba sa sake ɗaukar wani.

Daga nan masana ƙwaƙwalwa suka shigo, irin su Thomas Insel da Larry Young. Suka gwada kusun ciyawa da ƴan uwansa na kusa waɗanda ba su san zaman bibbiyu ba, suka ga bambancin yana wuraren da ƙwaƙwalwa ke karɓar wasu sinadarai biyu, oksitosin da basofiresin. A kusun ciyawa, makarɓan nan sun taru a sashen da ke sa dabba ta ji daɗin abu ta so komawa gare shi. A 2004 ma ɗakin gwajin Young ya ƙara makarɓan basofiresin a wannan sashe na ƙwaƙwalwar namijin wani nau'i mai yawon barbara, sai ya soma manne wa mace ɗaya. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta kiran abin sinadarin soyayya.

A wannan shekarar ta 2004 kuma Nancy Solomon da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin DNA na matan kusun ciyawa da aka kamo daga daji da ciki. Cikin haihuwa tara, biyar suna da uba fiye da ɗaya. Adadin kaɗan ne, amma ayyukan da suka biyo baya sun ci gaba da samun ƴaƴan waje. Wato dabbar da aka ɗauka a matsayin madubin riƙon alkawari, shaƙuwarta gaskiya ce, ramin ɗaya ne, renon tare ake yi, amma jinin ƴaƴan gauraye yake. Abin da ƙwaƙwalwa ta ɗaure shi ne wanda za a kwana jikinsa. Wanda za a yi barbara da shi wata magana ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne yadda mazan suka kasu. Akwai mazauna, masu riƙe yanki da mace. Akwai ƴan yawo, marasa rami tsayayye, masu ratsa yankunan wasu. Alexander Ophir da Steven Phelps sun saki irin waɗannan kusa cikin manyan filaye masu shinge, da ƴan na'urorin bin sawu a wuyansu, sannan suka gwada jinin ƴaƴan da aka samu. A 2008 suka nuna cewa mazaunan sun fi ƴan yawo samun haihuwa. A 2015 ayarin Phelps ya gano wani abu mafi zurfi: ko cikin mazaunan, akwai masu makarɓan basofiresin da yawa a sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe taswirar wuri, akwai masu kaɗan. Masu yawa suna tsayawa kusa da gida, suna tsare macensu, ƴaƴan ramin galibi nasu ne. Masu kaɗan suna yawan kutsawa yankin maƙwabta, suna samun ƴaƴa a waje, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi: lokacin da suke can, wani yana nasu ramin. Ribar wannan da ta wancan suna kusan daidaita, shi ya sa halayen biyu suka ci gaba da wanzuwa cikin nau'i ɗaya, babu wanda ya kori wani. Kuma don kada a ɗauka an gama gane ƙwaƙwalwar, a 2023 masu bincike a Kalifoniya suka samar da kusun ciyawa da aka cire wa makarɓan oksitosin tun yana ƙwai, amma duk da haka ya shaƙu da abokin zama, matan kuma suka haihu suka yi reno. Igiyar ba tufka ɗaya ba ce.

Sai dai ba kowane mai zaman bibbiyu ne jininsa ke ƙaryata zamansa ba. A 1991 David Ribble ya buga aikin da ya yi a dajin Hastings na Kalifoniya kan wani kusu, Peromyscus californicus. Ya gwada iyali 28 cikin shekara biyu, bai samu ɗa ko ɗaya da ba na namijin ramin ba. Wannan kusu yana haihuwa kaɗan, galibi biyu, kuma yakan haihu ne lokacin sanyi da ruwa. A 2000 David Gubernick da abokin aikinsa suka cire iyaye maza daga wasu ramuka a daji, suka ga ƴaƴan da suka rayu har suka fito sun ragu ƙwarai. Uban ba nono yake bayarwa ba, ɗumi yake bayarwa: yana kwanciya kan ƴaƴan lokacin da uwar ta fita neman abinci. Namijin da ya tafi yawo a daren sanyi zai dawo ya tarar da gawa. A yammacin Madagaska ma akwai wani ƙaton ɓera mai tsalle, wanda ƴan ƙasar ke kira botsotsa, nauyinsa ya wuce kilo guda. Simone Sommer ta bi shi shekaru, ta samu mace da namiji suna tare har mutuwa ta raba, ƴaƴan waje kuwa ƙalilan ne. Dajin da yake zaune yana ƙarewa da sara da ƙuna, kuma dabbar da ke haihuwar ɗaya ko biyu ba ta saurin maye abin da ta rasa.

Dabbar ruwan nan mai gina madatsa da itace, wadda Faransawa ke kira kasto, ta nuna cewa ko ƴan uwa biyu suna iya saɓawa. Ta Turai, a binciken da aka yi a Rasha da Norwe, ƴaƴan waje ko babu ko ƴan kaɗan. Ta Amurka kuwa, a wani aiki na 2008 a Ilinoi, fiye da rabin haihuwar da aka gwada uba fiye da ɗaya ne. A tsaunukan Alfus na Faransa akwai marmot, mai kama da ƙaton kurege, wanda ke barcin kusan rabin shekara cikin rami. A can an ga ƴaƴan waje sun fi yawa a gidajen da ke da ƙananan maza da dama, domin babban namijin ba ya iya sa ido kan kowa.

To me ke kawo zaman bibbiyu tun farko? Amsar Lukas da Clutton-Brock ita ce tazara tsakanin mata. Sun samu cewa kusan kowane lokaci da wannan zama ya ɓulla a tarihin masu shayarwa, daga kakannin da matansu ke zaman kaɗaici ya fito, kowace da yankinta, ba ta yarda wata ta kusance ta. In abinci ya warwatsu, mata sun warwatsu, namiji ba zai iya tsare biyu ba, sai ya tsaya kan ɗaya. Renon uba daga baya yake zuwa. Wasu masana sun fi ba da ƙarfi ga tsoron kisan jarirai, domin baƙon namiji yakan kashe ƴaƴan da ba nasa ba don macen ta sake neman barbara da wuri. Tun 1959 Hilda Bruce ta nuna cewa macen kusun gida mai sabon ciki, in ta shaƙi warin baƙon namiji, cikin yakan zube. Ni a ganina dalilan ba kishiyoyin juna ba ne, kowane yana da ƙarfi a inda yanayinsa ya samu.

An daɗe ana ba da labarin nan kamar namiji ne kaɗai mai motsi, mace kuwa kaya ce da ake tsaro ko a sace. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A gwaje-gwajen da aka ɗaure mazan kusun ciyawa aka bar mace ta zaɓa, da yawa sun je wa fiye da ɗaya da ƙafarsu. Tana iya samun kariya daga rashin haihuwar abokin zamanta, ko daga haɗuwa da ɗan uwa na jini, ko ta ruɗa maƙwabtan maza kada su taɓa ƴaƴan da watakila nasu ne. Shi kansa gwajin yana da iyaka da ya kamata a riƙe. Barbarar da ba ta zama ciki ba, DNA ba ya ganin ta. Wa da ƙane lambobinsu sun yi kama, raba su sai da wurare masu yawa. Sannan kusun daji ba ya daɗewa, shaho da maciji da mujiya suna jiransa, saboda haka ɗan da aka kira na waje yana iya zama na namijin farko da ya mutu ya bar ciki, wani ya gaji ramin.

Ina jin ciwo in na ga an ɗauki waɗannan sakamako ana yi wa auren mutane fassara da su, ko don yabo ko don neman uzuri. Kalmomin amana da cin amana ba su da wurin zama a ramin kusu. Aure yana da waliyyi da sadaki da shaidu da niyya, kuma shari'a ta tsara maganar nasaba da ƙa'idojinta. Kusu bai ɗauki alkawari ba balle ya karya. Abin da ke juya shi sanyi ne, da nisan abinci, da yawan maƙwabta, da haƙoran abokin gaba.

Inda ilimin nan ke da amfani gare mu shi ne rumbu da garka. Madougou Garba da Gauthier Dobigny da abokan aikinsu sun ɗana tarko a unguwannin Yamai da dama, suka buga sakamakon a 2014: kusun da ya mamaye gidajenmu shi ne Mastomys natalensis, ɗan ƙasa, mai nonuwa da yawa, yayin da baƙin da suka shigo cikin kaya, wato ɓera mai baƙin gashi da ƙaramin kusun gida, suka fi taruwa a wuraren kasuwanci da masana'antu. A garaken bakin kogi kuma akwai Arvicanthis niloticus, mai fita da rana, wanda aka samu yana ɗauke da ƙwayar cutar leftosifira. Shi Mastomys shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a ƙasashen da ke kudu da mu, kuma a wajen barbara yana can ɗaya ƙarshen, nesa da beguwar kawu. Gwajin DNA da aka yi a Morogoro ta Tanzaniya, aka buga a 2008, ya nuna namiji ɗaya yana haihuwa da mata da yawa, mace ɗaya kuma tana ɗaukar cikin maza fiye da ɗaya. Cikinta kwana 23 ne ko kusa da haka, tana iya zuba goma ko fiye, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin jim kaɗan bayan haihuwa. Haka aka ga annobar kusu a Senegal a 1975 da 1976, da ruwa ya dawo bayan fari.

Yanzu ana gwada abincin tarko mai hana haihuwa a madadin guba, a Sin da Tanzaniya da Amurka, kuma a nan ne tambayar uba nawa ke zama lissafin hatsi. A nau'in da mace ke tsayawa kan namiji ɗaya, in aka hana rabin maza haihuwa an rufe kusan rabin ramuka. A nau'i irin Mastomys kuwa, macen da ta haɗu da maza uku, ko biyu sun ci maganin, na ukun ya isa ya cika cikin. Dole maganin ya kai ga matan, ko ya kai ga kusan dukan mazan, kuma a sa shi kafin haihuwar damina ta kankama, a garaken unguwa gaba ɗaya a lokaci guda, domin namijin da ke garkar maƙwabcinka daren nan yana cikin taka garkar.